Mijina yana tangaɗi kamar wanda ya sha, alhali da ƙarfinsa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu biyar. Maigidana tela ne, shekarunsa 47. Yana da hawan jini, amma ya daɗe da barin shan magani don ya ce ba ya jin komai. Wata huɗu da suka wuce ya tashi da asuba zai yi alwala, sai jiri ya kwashe shi, ya dinga amai, ya kasa tsayuwa. A kemis aka ce taifot ne, aka yi masa ƙarin ruwa kwana biyu. Da abin ya ƙi muka tafi asibiti, aka yi hoton kai, likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, ɓangaren dama. Yanzu yana tafiya, amma yana tangaɗi, ƙafafu a ware, maganarsa tana jayewa kamar ta wanda ya sha wani abu. In ya miƙa hannun dama zai ɗauki kofi sai hannun ya kama rawa ya wuce kofin. Ko zare ba ya iya zurawa a allura. Amma in ya damƙe hannuna, ƙarfinsa yana nan kamar da. 'Yan unguwa sun fara cewa ƙwaya yake sha, har ya daina zuwa masallaci. Mahaifiyarsa ta ce tunda babu inda ya shanye ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, a kai shi ƙauye a bar ƙwayoyin likita. Ga saurin fushi da ban san shi da shi ba. Ni kaina wani lokaci zuciyata tana raya min ko ya saki jiki ne kawai. Don Allah wane irin ciwo ne wannan, zai warke, kuma yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya.

Maigidanki bai saki jiki ba, kuma ba raki yake yi ba. Kada ki zargi kanki don zuciyarki ta raya miki haka. Duk mun taso ne da sanin cewa ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa hannu da ƙafa yake kashewa, to ga mutum da damƙarsa, me zai hana shi ɗaukar kofi? Abin da ya rasa ba ƙarfi ba ne, saiti ne, kuma ƙarfi da saiti ba wuri ɗaya suke fitowa ba a cikin kai. In kika gane wannan sosai, za ki san abin da za ki gaya wa surukarki, da 'yan unguwa, da shi kansa.

Ki ɗora tafin hannunki a ƙeyarki, daidai saman inda kai ya haɗu da wuya. A cikin wannan ƙashin ƙaramar ƙwaƙwalwar take, wadda za ki ji ma'aikatan asibiti suna ce wa serebelam. Nauyinta a jikin babban mutum kusan giram 150 ne, kimanin kashi goma cikin ɗari na dukan ƙwaƙwalwa. A 2009 wasu masu bincike a Birazil, cikinsu har da Suzana Herculano-Houzel, sun ƙididdige ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwar ɗan Adam suka samu kimanin biliyan 86, kuma kusan biliyan 69 daga ciki a wannan ɗan sashe suke cunkushe. Allah bai tara su a nan a banza ba. Aikin wurin lissafi ne mai yawa, kuma na gaggawa.

In mutum ya yi niyyar ɗaukar kofi, babbar ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, umarnin ya bi ta laka ya isa ga tsokokin hannu. Wannan ita ce hanyar ƙarfi, kuma ta maigidanki lafiyarta ƙalau. A daidai wannan lokacin ana sanar da ƙaramar ƙwaƙwalwa abin da aka umarta, sannan rahoto yana ta shigo mata: daga gaɓoɓi da tsokoki kan inda hannun yake yanzu, daga ido kan inda kofin yake, daga can cikin kunne kan ko jiki ya karkata. Sai ta auna abin da aka nufa da abin da ke faruwa, ta gyara tun mutum bai san an kauce ba. Tunda shagon ɗinki kika sani, ki ɗauke ta kamar ogan shago mai tef a wuya. Ba shi ke taka keke ba, amma shi ke tsaye a kan yara yana cewa rage nan, ƙara can, tsaya haka. Ranar da bai fito ba yaran suna nan da ƙarfinsu, keke yana juyawa, amma riga za ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya.

Rawar hannun da kike gani daga nan ta samo asali. Hannu in ya doshi kofi, akwai tsokar da ke tura shi, akwai kuma wadda ya kamata ta tare shi dab da isa. A jikin maigidanki mai tarewar tana makara, sai hannun ya zarce. Ya gani da idonsa, ya janyo shi baya, nan ma ya wuce. Wannan kai-komon shi ne rawar. Shi ya sa take tsananta in ya kusa abin da yake son ɗauka, ta kuma lafa in ya ajiye hannun a cinya, saɓanin karkarwar cutar Parkinson wadda ta fi tashi lokacin da hannu yake hutawa. Ware ƙafafun da yake yi dabara ce ta jiki don kada ya faɗi, kada ki ce ya haɗe su. Maganar ma haka take: harshe da leɓe da maƙogwaro da numfashi duk sai sun zo a kan lokaci kafin kalma ta fito daidai, kuma mai tsara musu lokacin ne ya samu rauni. Hankalinsa yana nan, yana gane duk abin da ake faɗa a gabansa, har da abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa.

Ba yau likitoci suka san wannan ba. A 1824 wani masani Bafaranshe, Pierre Flourens, ya cire wa tantabaru wannan sashe, ya ga ba su shanye ba, suna motsa fukafukai da ƙafafu, amma tashi da tafiya a miƙe sun gagare su. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma wani likita ɗan ƙasar Ailan, Gordon Holmes, ya duba sojojin da harsashi ya same su a ƙeya, ya rubuta alamomin a 1917, kuma kusan su ne kika lissafa min a wasiƙarki. Cikin abin da aikinsa ya tabbatar akwai wanda zai yi miki amfani a gida. A shanyewar ɓarin jiki da aka saba gani, in ciwon yana dama a ƙwaƙwalwa, hagun jiki ke shanyewa. A ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa, dama dama take taɓawa. Likita ya ce miki dama, kuma hannun dama ne ke rawa. Hoton da alamar sun yi daidai da juna, babu wani abu a jikin bawan Allahn nan da ya rage ba a san dalilinsa ba.

Su kuma masu cewa a buge yake, idonsu ya ga kama, bakinsu ya yanke hukuncin zalunci. Giya da ƙwayoyin sa maye wannan sashen suke dagulawa, shi ya sa mashayi yake layi, harshensa ya yi nauyi. Na mashayi yana sakinsa in gari ya waye. Na maigidanki jini ne ya yanke wa wurin.

Zai warke? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu lokacin da jijiyar ta toshe ba za su dawo ba, kuma duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai dawo da su, kuɗinki yake so. Amma sauran ƙwaƙwalwar tana iya koyon ɗaukar aikin, kuma masu irin wannan toshewa a ƙeya, in suka tsallake kwanakin farko, galibi sun fi masu babbar shanyewar ɓarin jiki komawa hidimar kansu. Sauƙin ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko, sannan ya ci gaba a hankali har bayan shekara. Tafiya takan riga aikin yatsu dawowa, don haka kada ki sa zura zare ya zama ma'aunin ko yana samun sauƙi. Yadda zai kai ya danganta da girman wurin da ya mutu da kuma zurfinsa, domin in raunin ya taɓa curin ƙwayoyin da ke can tsakiya, waɗanda saƙon sashen ke fita ta cikinsu, sauƙin yakan fi jinkiri. Ki roƙi likitansa ya nuna miki wannan a hoton.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe fiye da komai. Wannan sashe ba gyara kaɗai yake yi ba, shi ne ke koyo daga kuskure. A 1996 wasu masu bincike a birnin St. Louis na Amurka, a ɗakin binciken Thomas Thach, sun sa mutane jifan wata alama da dunƙulen yumɓu, sannan suka sa musu tabarau mai karkatar da gani gefe. Masu lafiya sukan kuskure da farko, bayan 'yan jifa kaɗan hannu ya gyara da kansa. Masu rauni a wasu sassan ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa sai su yi ta jifa gefe, gyaran ya yi jinkiri ko ya ƙi zuwa. Wato wurin da ya kamata ya koya wa maigidanki sabuwar tafiya shi ne wurin da ya ji ciwo. Saboda haka abin da wani zai koya a maimaici kaɗan, shi sai ya maimaita ya sake maimaitawa, kullum, har ya gundure shi. Ba taurin kai ba ne, ba kuma lalaci ba.

Amma maimaicin yana aiki. A 2009 likitoci a Tubingen ta ƙasar Jamus sun ba marasa lafiya 16 atisayen daidaita jiki mai tsanani na sati huɗu. Waɗannan mutane ne da ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ke lalacewa a hankali, ciwon da ba ya tsayawa, amma duk da haka tangaɗinsu ya ragu. Na maigidanki sau ɗaya ya faru ya tsaya, ɓangaren hagu kuma yana nan lafiya. A 2014 ma an ba da rahoton wata mata 'yar shekara 24 a ƙasar Sin da ta je asibiti da jiri, hoto ya nuna an haife ta ne babu wannan sashen gaba ɗaya. Ta yi jinkirin tafiya da magana ƙwarai, tafiyarta ba ta taɓa zama daidai sosai ba, amma ta tashi, ta yi aure, ta haihu. Ƙwaƙwalwa tana neman hanya in an ba ta aiki.

Don haka babban abin da zai cuce shi yanzu shi ne zaman ɗaki. Na biyu kuma tausayin da zai sa ki riƙa yi masa komai. Na san da wuya ki ga mijinki yana zubar da shayi a riga ki ƙi karɓar kofin, amma duk lokacin da kika karɓa kin hana hannun darasin ranar. Ki taimaka masa a inda akwai haɗari, ki bar shi ya yi fama a inda asarar ba ta wuce jiƙa riga ba.

Ki nemi likitansa ya tura ku sashen fisiyo, wanda mutane ke kira sashen gashi. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da shi, haka ma Asibitin Ƙashi na Dala. Ki gaya musu ƙarara cewa atisayen daidaito da tsayuwa kuke nema, domin gasa jiki da na'ura da tausa ba su ne maganin wannan ba, tsokarsa ba ta da laifi. In kuɗin zuwa kullum ya yi muku yawa, ku je 'yan lokuta, ki nemi izini ki ɗauki atisayen a waya, ku riƙa yi a gida, ku koma a duba a ƙara masa mai wuya. Irin abin da za su koya masa ba ya buƙatar kaya: tashi daga kujera da zama a hankali ba tare da faɗawa ba, tsayuwa kusa da bango yana matso da ƙafafu kaɗan-kaɗan, taka alamomin da aka zana da alli a ƙasa, ɗora diddige a gwiwa a zame shi a kan ƙauri yana kwance, taɓa hancinsa sannan ya taɓa yatsanki. Asalin wasu daga cikin waɗannan na wani likita ne ɗan Suwizalan, Heinrich Frenkel, tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma sharaɗinsa shi ne a yi a hankali, ana kallon gaɓar da ke motsi, a maimaita. Gajeren atisaye sau biyu ko uku a rana ya fi dogo guda ɗaya, domin gajiya tana ƙara tangaɗin. Koyaushe wani ya tsaya a gefensa na dama.

A wajen cin abinci, ya kafa gwiwar hannunsa a kan tebur ko cinya, ya matso da kwano kusa da jikinsa, domin hannu in ya yi nisa da jiki rawarsa ta fi yawa. Kofi mai nauyi, a zuba rabi, ya riƙe da hannu biyu. In yana ƙwarewa ko tari lokacin shan ruwa, wannan ba abin wasa ba ne, ki gaya wa likita, domin abin da ya bi ta hanyar iska yana jawo ciwon huhu. Kafin nan ya riƙa ci da sha a zaune a miƙe, kuma abu mai kauri irin kunu ko koko yakan fi tsurar ruwa sauƙin haɗiya.

Faɗuwa ita ce abin tsoro a gida. Ya yi wanka da alwala a zaune a kan kujera mai ƙwari. In banɗakinku na tsuguno ne, a kafa ƙarfen riƙewa a bango ko a samo kujera mai rami. A ɗauke tabarmar da bakinta ke naɗewa, a bar fitila a kunne da dare, domin yanzu da ido yake cike gurbin abin da ya rasa, duhu kuwa yana ƙwace masa wannan. Silifa ba nasa ba ne yanzu, sai takalmi mai kama diddige. Babur, tsani, bakin rijiya da kusa da wuta duk ya dakata. In yana tafiya kada a riƙa jansa da hira, tafiyar da ke zo miki a banza shi sai ya tattara hankalinsa a kanta. In yana magana kuma kada ki ƙarasa masa, ki hana yara ma. Ya riƙa yin gajerun jimloli, yana numfasawa. Karatun Alƙur'ani a bayyane, a hankali, atisaye ne mai kyau ga harshensa, ga kuma lada.

Yanzu maganar da ba na so ki sassauta a kanta ko kaɗan. Abin da ya toshe jijiya ɗaya yana iya toshe wata, kuma jijiyoyin da ke ciyar da ƙeya su ne ke ciyar da tushen ƙwaƙwalwa, inda numfashi da haɗiya suke. Hawan jini ba ya ciwo, rashin jin komai ba alamar lafiya ba ce. Maganin hawan jini da duk abin da likita ya rubuta na hana jini daskarewa da na rage kitse, kullum ne, ko ya ji garau. Ku sayi na'urar awon jini ta gida, ki riƙa rubutawa a littafi. Ga wanda ya taɓa samun irin wannan, abin da ake nema yawanci shi ne ƙasa da 130/80. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin. Shekara 47 ƙuruciya ce ga wannan ciwo, don haka ki tambaya ko an duba sukari, da kitsen jini, da bugun zuciya, da jijiyoyin wuya.

Ki kula da kemis. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini, kuma suna iya jawo zubar jini a ciki in an haɗa su da asfirin. Maganin barci irin diazepam yana ƙara tangaɗi. Maganin jiri irin Stugeron na 'yan kwanaki ne, in aka daɗe ana sha yana rage wa ƙwaƙwalwa saurin sabawa. Kada kuma a bar kowa, mai tausa ne ko mai ɗori ko mai aski, ya murɗa masa wuya, domin jijiyoyin jinin da ke hawa ƙeya ta cikin ƙasusuwan wuya suke bi.

Kwana biyun da aka yi ana ƙarin ruwa Allah ne Ya tsare. Wurin da ƙaramar ƙwaƙwalwa take matsattse ne, in ta kumbura a kwanakin farko tana iya danne tushen ƙwaƙwalwa, har sai an yi tiyatar gaggawa. Ba na faɗa don ki ji ciwo ba, jiri da amai suna ruɗar har ma'aikatan lafiya, kuma hoton kai da ake kira CT shi kansa yakan kasa nuna irin wannan toshewa a sa'o'in farko, wani nau'in hoton da ake kira MRI ya fi gani. Na faɗa ne don gaba. In jiri ya zo masa farat ɗaya ya kasa tsayuwa, ko ya ga abu bibbiyu, ko magana ta ƙara lalacewa, ko baki ya karkace, ko ciwon ƙeya mai tsanani, ko barci mai nauyi da ba a saba ba, babban asibiti za a nufa a lokacin, ko tsakar dare ne. Allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.

Surukarki uwa ce da ke kallon ɗanta yana layi, kuma abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da ta sani. Kada ki yi jayayya da ita, ba za ki ci riba ba, kuma za a ce ke kika hana. Ki samu yayansa ko kawunsa da take jin maganarsa, ki yi masa bayanin nan na dama da dama. In za ta yarda, ku tafi da ita ranar ganin likita, gani ya kori ji. Sannan kada a bar ta hannu rabbana: addu'a, ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani a gida, sadaka, duk a bar mata ta jagoranta, babu wanda ya ci karo da magani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Iyakar da za ki tsaya a kai, cikin ladabi amma ba ja da baya, ita ce ba za a ajiye ƙwayoyin likita ba, ba jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ba tsaga ko ƙaho ga mai shan maganin tsinka jini, ba turara hayaƙi a rufaffen ɗaki.

Maganar unguwa kuma shiru ne ke ciyar da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yardarsa, yayansa ya samu liman ya gaya masa ainihin ciwon, a sanar bayan salla cewa wane ya samu toshewar jijiya a ƙwaƙwalwa, a yi masa addu'a. Mafi yawan masu gulmar kunya za ta kama su, wasu ma su zo dubiya. Daga nan babban ɗanku ko wani maƙwabci ya riƙa raka shi, ya fara da sallolin rana, ya tsaya a ƙarshen sahu kusa da bango. Ruku'u da ɗagowa suna iya kwasarsa, kuma shari'a ta ba wanda ba ya iya tsayuwa damar yin salla a zaune. Tafiyar masallacin kanta tana cikin maganinsa.

Fushin da kika ambata yana iya zama daga wuri biyu. Magidanci da ke ciyar da gida da yatsunsa, yau zare ya gagare shi, ana kuma kiransa ɗan ƙwaya, dole ransa ya ɓaci. Amma ciwon kansa yana iya taɓa hali. A 1998 Jeremy Schmahmann da Janet Sherman a Boston sun bayyana cewa raunin ƙaramar ƙwaƙwalwa, musamman ɓangarenta na baya da tsakiyarta, yana iya kawo sauyin hali, da wahalar tsara al'amura, da faɗin abu ba tare da taunawa ba. Bayan haka, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu irin wannan bugu a ƙwaƙwalwa suna faɗawa ciwon damuwa, kuma yana da magani. In ya daina ci, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara ya mutu, ki gaya wa likita a ranar. In fushin ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko kan yara, ciwo ba hujja ba ce ta ki yi shiru, ki sanar da likita da manyansa.

Shago kuma kada a rufe, kada a sayar da keke. Ya fara zuwa na 'yan sa'o'i, ya karɓi masu kawo ɗinki, ya duba aikin yara, ya yi ciniki. Idonsa da saninsa na sana'a ba su tafi ko'ina ba. Almakashi da keken lantarki su jira sai mai fisiyo ya gwada hannun ya yarda. Kafin nan ya riƙa wasa da yatsun a gida: ɓalla maɓalli, tsintar wake daga faranti zuwa kofi, zura igiya a babban rami kafin a zo ga ƙarami.

Wannan ba ciwon gado ba ne, 'ya'yanku ba za su gaji tangaɗin ba, amma hawan jini yana bin dangi, don haka 'yan'uwansa su je a auna su. Ga sauran masu karatu kuma, ba toshewar jijiya kaɗai ke kawo irin wannan tafiya ba. Daɗewa ana shan giya yana kawo ta, haka shaƙar sholisho, da maganin farfaɗiya irin phenytoin in ya yi yawa a jini, da ƙarancin wasu sinadaran bitamin. Takan biyo bayan taifot ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, a yara kuma bayan ƙarambau, wanda galibi yakan wuce. Yaron da ke tangaɗi tare da ciwon kai da aman safe, a yi masa hoton kai da wuri saboda ƙari. Da yawa daga cikin waɗannan suna da magani in an je a kan lokaci.

Ke kuma, wata huɗu kina jinya, ga yara biyar, ga kuɗin shiga ya ragu, ga bakin mutane. Aikin da ke gaba na watanni ne, mutum ɗaya ba zai iya ba. Ki zauna da 'yan'uwansa a raba: wannan ya ɗauki kai shi fisiyo, wancan ya ɗauki kuɗin maganin wata, kuɗin motar da za a kashe zuwa ƙauye a saya masa na'urar awon jini da kujerar wanka. Ki ɗauki tafiyarsa a waya yau, ki sake ɗauka duk ƙarshen wata, ku kalla tare, domin mai ganin mara lafiya kullum ba ya ganin sauƙinsa. Ranar da za ku koma asibiti ke ma ki miƙa hannu a auna jininki.

Allah Ya tashi kafaɗarsa, Ya sa kaffara ne.